Yadda ake zana ɗakin ƙasa da haske ɗaya, irin aikin Albert Neuhuys

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ƙasa a Yakasai ko Dala ko Gwale da hantsi ya san abin da ke samun ido. Da farko duhu ne kawai. Can sai bakin randa ya bayyana, sai gefen fuskar tsohuwa, sai jeren kwanuka a jikin bango. Ta ƙofa ɗaya hasken ke shigowa, ya faɗa kan abu biyu ko uku, ya bar sauran a inuwa. Irin wannan haske ne wani mai zane ɗan ƙasar Holan, Albert Neuhuys, ya ƙarar da rayuwarsa yana bi, kuma hanyar aikinsa ta dace da ɗakunanmu fiye da yadda mutum zai zata.

An haife shi a Utrecht a 1844. Ya fara da koyon buga hoto da dutse, sannan ya yi karatun zane a Antwerp ta Beljiyam daga 1868 zuwa 1872, inda ya fi mayar da hankali ga tufafi masu sheƙi na gidajen masu hali. Da ya koma gida ya haɗu da Jozef Israëls, wanda ya girme shi da shekara ashirin kuma ya riga ya yi suna a zanen masunta da talakawa a cikin ɗakunansu. Daga nan Neuhuys ya bar siliki ya koma ga manoma. A 1883 ya tare a Laren, wani ƙauye a kudu maso gabashin Amsterdam, inda a lokacin mutane ke noma, suna kiwon tumaki, suna kaɗi da saƙa a gida. Har rumfar ajiyar kayan kaɗi ya kama haya don ya zauna kusa da mata masu kaɗin zaren lilin, ya zana su suna aiki. Uwa a gefen gadon jariri, mace tana ɗinki a bakin taga, yara suna cin abinci: abin da ya yi ta zanawa ke nan har ya rasu a Suwizalan a 1914.

Abin da za a ɗauka a wurinsa shi ne tsarin haske. Launinsa kuwa a bar masa, domin launin ƙasarsa ne. Shi da abokansa masu zane na birnin Heg a Holan an san su da ruwan toka, saboda sararin Holan mai gajimare ne kuma ranarsu ba ta da ƙarfi. Bangon Kano jar ƙasa ne. Wanda ya kwaso tokar Holan ya shafa wa ɗakin Kano ya zana ɗakin da babu shi a ko'ina.

Zaɓen ɗaki da lokaci

Nemi ɗaki mai mashigar haske ɗaya: ƙofa, ko ƙaramar tagar nan ta sama. In akwai ta biyu, toshe ta da buhu ko tabarma. Kashe ƙwan lantarki. Haske biyu inuwa biyu suke haifarwa, kuma da zarar inuwa ta rabu biyu abu ya daina nauyi a ido, sai ya zama kamar an manna shi.

Masu zanen Turai suna son taga mai kallon arewa, domin a can, wajen digiri 52 daga tsakiyar duniya, ranar tsaka kullum a kudu take, tagar arewa ba ta samun sai haske mai laushi da ba ya sauyawa da sauri. Kada ka ɗauki wannan dokar yadda take. Kano tana kan digiri 12 ne. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tana karkata ta arewa da mu, sauran shekara kuma ta kudu. Saboda haka daga Satumba zuwa Maris ƙofa mai kallon arewa za ka nema, da damina kuwa mai kallon kudu. In ɗakin gabas yake kallo, yi aiki bayan azahar. In yamma yake kallo, yi da safe. Muradin dai kada zafin rana ya shigo kai tsaye ya kwanta a daɓe, don wannan farin tabon yana tafiya kowane minti goma, kuma yana kashe duk wani haske mai laushi da ke kusa da shi.

Awa biyu ya isa zama ɗaya. Gobe ka dawo a daidai lokacin jiya.

Maganar shiga gida ba ta wasa ba ce. Namiji ba ya ɗaukar allo ya wuce zaure a gidan da ba nasu ba. Fara da gidanku: kaka, gwaggo, ƙanne. Mace mai zane ta fi samun dama nesa ba kusa ba, kuma a gaskiya wannan fage nata ne. A nemi izinin mai gida da na wadda za a zana, a gaya musu inda zanen zai je, ko za a sayar ko za a sa a intanet. A biya mai zaman, domin lokacinta aka ci. Mutanen Laren ma biyansu aka riƙa yi. Game da zana mai rai, malamai suna da magana a kai, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Duk abin da ke cikin wannan bayani yana aiki a ɗakin da babu kowa ciki: tabarma a shimfiɗe, mazari a kan ƙwarya, buta a bakin ƙofa.

Allo da kayan aiki

Allon filaiwud mai santimita 40 da 50, kauri milimita 6 zuwa 9, ya ishi mai farawa. Sayi akoko a Kantin Kwari, ka wanke shi da ruwan zafi don sitacin ya fita kuma ya gama tsukewa, ka goge shi. Yanka shi ya fi allon faɗi da santimita 5 ta kowane gefe. Dama farin gam na kafintoci, kashi biyu da ruwa kashi ɗaya, ka shafe fuskar allon, ka shimfiɗa akokon kana lallatsawa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita, ka naɗe bakin ta baya. Bar shi ya kwana.

Sai shafen fari. In ka samu farin shafe na masu zane da ake kira jeso, to madalla. In babu, haɗa farin fentin bango na ruwa kashi biyu da farin gam kashi ɗaya, da ɗan ruwa har ya yi kaurin kunu. Shafa sau uku, na farko a tsaye, na biyu a kwance, na uku a tsaye, kana barin kowane ya bushe sosai kana goge shi sama-sama da takardar yashi mai lamba 220. Bayan allon ma ka shafa masa sau ɗaya, in ba haka ba zai lanƙwashe da damina saboda gefe ɗaya ne ke shan raɓa. Kada ka yi ƙwauron wannan mataki. Man fenti yana cin zaren auduga in ya taɓa shi kai tsaye, bayan 'yan shekaru yadin ya ruɓe ya yi ƙarau.

A fentin da ake damawa da mai, kala shida sun wadatar: farin titaniyam, rawayar ƙasa da ake kira oka, jar ƙasa da ake kira ƙonanniyar siyena, ruwan ƙasa mai duhu da ake kira amba, shuɗin altramarin, da baƙin ƙashi. Ƙara ɗan ƙaramin tiyub na ja mai haske don atamfa ko kwanon sha. Burushi masu taurin gashi, masu faɗin baki, lamba 4 da 8 da 12, da ƙaramin mai laushi guda ɗaya. Wuƙar haɗa fenti, tsumma, gawayin siraran ƙirare. Abin tsinka fenti shi ne tafentin, man kuma man linsid, wanda ake tatsa daga irin tsiron nan da matan Laren suke kaɗa zarensa. Man gyaɗa da man ja ba sa bushewa, wata shida zanen zai yi yana danƙo yana kwasar ƙura. Kananzir ka wanke burushi da shi in dole ta sa, amma kada ya shiga zanen, yana barin maiƙo.

Kafin fenti ya taɓa allo

Zauna ƙasa-ƙasa, a kujerar tsugunno ko kan tabarma. Rayuwar ɗakin Bahaushe a ƙasa ake yin ta, wanda ya zana ta daga tsaye sai zanen ya fito kamar na baƙo da ya leƙo ya wuce. Ka zauna inda hasken zai zo daga gefenka, hagu ko dama, kada ya zo ta bayanka. Hasken gefe shi ke raba fuska da tulu biyu, ɓangare mai haske da ɓangare mai inuwa, kuma wannan rabuwar ce ke ba abu jiki. Sa alama da alli a inda ka zauna da inda mai zaman take.

Ba ta aikin gaske. Tsince shinkafa a faifai, ɓarar gyaɗa, ɗinkin hula, kaɗi in akwai mai yi. Wadda aka ce ta zauna kawai, cikin minti biyar kafaɗunta sun sandare. Wadda ke aiki kuwa kanta zai sunkuya yadda ya saba, hannunta ya riƙa komawa wuri ɗaya. Minti 20 zuwa 25 tana zaune, sai hutun minti 5 ko 10. Jariri da ƙaramin yaro sai suna barci.

Yanzu ɗauki takarda ka yi ƙananan zane huɗu ko biyar, kowane bai wuce tafin hannu ba, da gawayi kawai. Runtse ido har ɗakin ya koma guntaye: mai haske, matsakaici, mai duhu. Waɗannan guntayen za ka zana, ba hanci da ido ba. Nemi tsarin da duhu da matsakaici suka cinye kamar kashi biyu cikin uku na filin, mafi hasken wuri kuma ya faɗa kusa da abin da kake son a kalla, galibi hannu da abin da ke cikinsa. Neuhuys yakan sa farar hular mace ko farin zanen jariri a wurin. Mu muna da audugar kaɗi, da farin ɗankwali, da cikin ƙwarya. In ƙaramin zanen bai ja ido ba, babban ma ba zai ja ba, komai kyan fentin.

Hoton waya yana taimakawa wajen tuna zanen atamfa, amma kada ka dogara da shi wajen haske. Waya tana haskaka inuwa da kanta, tana kuma kumbura abin da ke kusa da ita. Abin da ka zo nema shi take fara gogewa.

Shafe uku

Na farko: tsinka amba da ɗan siyena da tafentin zalla, ruwa-ruwa kamar shayi, ka shafe allon gaba ɗaya, ka goge da tsumma har ya zama ruwan ƙasa matsakaici. Tun yana ɗanye, naɗe tsumma a yatsa ka goge wuraren haske, farin allon ya leƙo. Sannan da burushi lamba 8 ka ƙara amba a wuraren duhu. Kafin a tashi zaman farko, zanen duka ya tsaya da kala ɗaya. A nan ake gyara tsawon hannu da girman kai, domin gyara a nan tsumma kawai yake ci. Ja layi ɗaya a daidai tsayin idonka. Layukan bakin ƙofa da gefen gado da suka nufi ciki duk can suke haɗuwa. Amma kada ka miƙar da bangon ƙasa da rula. Kusurwarsa a dunƙule take, azara ma ba ta miƙe sak ba. Amba tana da sinadarin da ke sa ta bushe da wuri, a zafin Kano kwana ɗaya ya isa.

Na biyu shi ne na launi. Haɗa tafentin kashi biyu da man linsid kashi ɗaya a ƙaramin gwangwani, kana ɗan tsoma bakin burushi. Fara da duhu, ka tafi zuwa haske. Inuwa siririya, har ruwan ƙasan da ke ƙasa ya riƙa leƙowa. Haske kuwa da kauri. Kada fari ya shiga inuwa ko kaɗan: da ya shiga, zurfin ɗakin ya toshe, inuwar ta zama bango mai ruwan siminti. Duhu mafi kyau ana samun sa daga altramarin da siyena a haɗe, ka rinjayar da shuɗin in kana son sanyi, jan in kana son ɗumi. Baƙin ƙashi zalla ramin banza yake yi a zane, ga jinkirin bushewa.

Ga abin da yawancin masu koyo ba sa gani. Hasken da ya shigo ta ƙofa daga sama yake, yana da ɗan sanyi. Amma yana dukan daɓe da jan bango ya dawo, kuma wanda ya dawo ɗin ja-ja ne mai ɗumi. Shi ne ke haska ƙarƙashin haɓa, da cikin tulu, da gefen fuskar da ke inuwa. Duba shi da kyau ka sa shi, da siyena da ɗan oka, amma ka riƙe shi ƙasa: mafi hasken wuri a cikin inuwa dole ya fi mafi duhun wuri a cikin haske duhu. In ka wuce da shi, siffar ta baje.

Fata ce inda hanyar Holan ta rabu da tamu ƙwarai. Fuskar Bature a ɗaki mai duhu ita ce fitila, shi ya sa Neuhuys ke dasa ta a gaban bango mai duhu. Fuskar Bakano sau da yawa ta fi bangon da haske ya faɗa wa duhu. Don haka juya tsarin: gefen fuskar da ke inuwa ya jingina da bango mai haske, gefen da ke haske ya jingina da duhu. Tushen launin fatar shi ne siyena da altramarin, da oka a inda haske ya sauka, da ɗigon ja a kumatu da leɓe da gaɓoɓin yatsu. Kada ka haskaka fata da fari kaɗai, za ta fito furu-furu kamar ƙafar yaron da bai shafa mai ba da hunturu. Haskaka ta da oka da ja tukuna. Ƙyallin goshi da kan hanci da ƙashin kumatu launin sama yake ɗauka, wato fari da ɗigon shuɗi, kuma ƙarami ne ƙwarai. Taɓa sau ɗaya ka bari.

Hannu ya fi fuska wuya, kuma shi ne ke ɗauke da labarin. Zana shi dunƙule ɗaya da farko, sannan ka raba yatsu biyu ko uku da haske ya kama. Van Gogh, shi ma mai zane ɗan Holan, wanda ya koyi fenti a hannun Anton Mauve, maƙwabcin Neuhuys a Laren daga baya, ya yi zanen kawunan manoma da hannayensu da yawa a ƙauyen Nuenen kafin ya haɗa zanen masu cin dankali a 1885. Cika littafi guda da hannaye ba ɓata lokaci ba ne.

Bar shafe na biyu kwana uku zuwa mako, har ya daina kama yatsa. Na uku, tafentin da mai kashi ɗaya-ɗaya. Ƙa'idar ita ce kowane shafe ya fi na ƙarƙashinsa mai. Mai yawan mai yana daɗewa yana motsi kafin ya tsaya. In ka ɗora maras mai a kansa, na saman ya riga bushewa, na ƙasan ya ja shi ya tsattsage. A wannan shafen kaɗan za ka taɓa: ƙara kaurin haske, zurfafa duhu biyu ko uku, kaifafa baki a inda kake son ido ya tsaya. Sauran bakunan ka bar su su narke cikin inuwa. Kwanukan da ke can lungu, ƙyalli ɗaya a bakin kowane ya isa, mai kallo zai cike sauran.

Akwai tarkon da masu zanen Laren da yawa suka faɗa. Da attajiran Amurka suka buɗe kasuwar irin wannan zane, sai aka shiga maimaita uwa da jariri da tukunyar fure a taga, talauci ya zama ado. Wasu har ɗakin manomi suka gina a cikin ɗakin aikinsu don kada su sha wahalar zuwa ƙauye. Irinsa a nan shi ne ka kwashe botikin roba da fitilar sola da wayar da ke caji, ka jera ƙorai da tukwanen da ka sayo a Kurmi, don ɗakin ya yi kama da na Gidan Makama. Bar ɗakin yadda masu shi suke zaune a ciki. Shuɗin butar roba a gaban jan bango launi ne da sai an nema, kuma gaskiya ne. Abin da ya halatta ka cire shi ne wanda ke raba hankalin ido, tsoho ne ko sabo.

Ƙura, zafi da bushewa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba, domin abin da ya manne a ɗanyen fenti ba ya fita. Yayyafa ruwa a daɓe kafin ka fara. In ka tashi, jingina allon fuskarsa na kallon bango, samansa kawai ke taɓawa, ko ka sa shi a kwali da 'yan katakai da za su hana shi taɓa murfi. Amma kada ya daɗe a duhu: man linsid yana yin rawaya in ya bushe babu haske. In hakan ta faru, fito da shi wuri mai haske na 'yan kwanaki, zai washe. Kada ka shanya shi a rana don sauri, musamman da bazara; sama za ta yi fata, ciki na ɗanye, sai ya yamutse. Da damina bushewa tana jinkiri, ka ƙara kwanaki, ka kuma ɗaga allon daga ƙasa saboda danshi da gara.

Wani lokaci za ka ga wuraren duhu sun dushe, sun yi fari-fari bayan sun bushe, musamman inda amba ta yi yawa. Ƙasan ne ya shanye man. Ɗiga man linsid kaɗan a tsumma maras gashi, ka shafa wurin, ka goge har kamar ba ka sa komai ba, launin zai dawo. Tsumman da ya sha man linsid kuwa kada a dunƙule shi a jefa lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Baza shi a waje ya bushe ko ka jefa shi a gwangwanin ruwa. Tafentin ma a rufe shi, a bar ƙofa a buɗe, a nisanta shi da murhu da yara.

Banish, wato ruwan sheƙin da ke kare zane, sai bayan wata shida, in fentin yana da kauri shekara guda. Goge ƙura da busasshen burushi mai laushi, kwantar da allon, ka shafa siriri sau ɗaya da burushi mai faɗi, duk ta fuska ɗaya. Zaɓi ranar da babu hazo babu hadari, ka kifa kwali a kansa har washegari.